Daminar da Na Koya wa Kwamfuta Bambance Dawa da Masara

A gida na sami malamina ranar da na kai masa takardar abin da nake son yin bincike a kai, domin a lokacin malaman jami'o'i suna cikin dogon yajin aikin nan na 2022, wanda aka shiga a Fabrairu ba a fita ba sai Oktoba. Bayan la'asar ne, yana zaune a kan darduma a ƙofar gida. Ya karanta shafi biyu, ya ajiye takardar a gefe. Abin da na rubuta shi ne zan yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam in fitar da taswirar duk abin da ake nomawa a Jihar Gombe, ƙananan hukumomi 11 gaba ɗaya, tun daga Nafada har Shongom.

Ya ce, "Da me za ka zaga su?"

Na ce, "Malam, yayana zai ba ni aron babur."

Ya ce, "To ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya, ita ma ba duka ba. Wurin da ƙafarka ba ta taka ba, kada ka rubuta cewa ka san abin da aka shuka a can."

Raina bai so ba a ranar, don gani nake amfanin tauraron ɗan'adam ke nan, ya hutar da mutum yawo. Amma na bi maganarsa. Na zaɓi wani yanki na Yamaltu/Deba, daga Kwadon zuwa Dadin Kowa, a kan hanyar Gombe zuwa Biu. Dalilina biyu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana noma a wani ƙauye a tsakanin nan, ina da wurin kwana ke nan. Sannan yankin ya haɗa komai: ga gonakin tudu na gero da dawa da masara, ga fadama, ga kuma shinkafa da noman rani a ƙasan madatsar ruwan Dadin Kowa da ke kan Kogin Gongola.

Abin da ya fara jawo ni wannan fanni tun ina digiri na farko a sashen labarin ƙasa shi ne wasu hotuna biyu na garin Gombe da aka nuna mana a aji, ɗaya na shekarun 1980, ɗaya na kwanan nan. A na farkon garin ɗan dunƙule ne, gonaki sun kewaye shi ta ko'ina. Bayan da aka cire Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoban 1996 ta zama babban birni, sai gine-gine suka bi gonakin suna cinyewa. Wajen Tumfure, inda iyayenmu ke ba da labarin an yi noma, a hoto na biyun rufin kwano ne jere. Labarin da na saba ji a bakin manya, sai ga shi a gabana ana iya auna shi da mita. Tun ranar abin ya shiga raina.

Tambayar da kowa ke fara yi mini ita ce nawa nake sayen hotunan. Ba a sayen su. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, kuma tun 2008 aka buɗe rumbun hotunansa kyauta ga kowa. Matsalarsa gare mu ita ce kowane ɗigo ɗaya a hotonsa fili ne mai mita 30 tsawo, 30 faɗi. Hekta guda ba ta wuce ɗigo 11 ba. Gonakinmu kuwa da yawa ba su kai hekta ba, ga bishiya a tsakiya, ga gonar maƙwabci manne da ita da wata shuka dabam. Don haka na koma ga Sentinel-2 na Tarayyar Turai, tagwayen taurari da aka harba a 2015 da 2017. Ɗigonsu mita 10 ne, wato hekta guda ɗigo 100, kuma duk kwana 5 sai ɗayansu ya gifta ta kanmu da hantsi, daga nisan kilomita 786. Najeriya ma tana da nata tarihin a wannan fage: NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, wannan na ƙarshen ma injiniyoyinmu ne suka haɗa shi bayan horon da suka samu a Ingila. Ni dai aikina yana bukatar hoto kusan kowane mako, shi ya sa na tsaya a kan Sentinel.

Kwamfutata tsohuwa ce, ba za ta ɗauki sauke hotuna masu nauyi haka ba, kuɗin data ma ba zai bari ba. Abin da ya cece ni shi ne Google Earth Engine, inda hotunan ke zaune a can, kai dai ka rubuta umarni, a yi lissafin a manyan kwamfutocinsu, a turo maka sakamako. Rubuta umarnin ne aiki. Bazarar nan gaba ɗaya, Maris da Afrilu, a kansa na ƙare ta, yawanci da daddare idan an kawo wuta kuma intanet ya yi sauƙi. Waƙafi ɗaya ka manta, komai ya tsaya cik. Ban taɓa koyon rubuta wa kwamfuta umarni ba kafin nan, kuma ba na jin akwai wata gajeriyar hanya sai dai mutum ya zauna ya yi ta kuskure yana gyarawa.

Yadda tauraron ke gane shuka abu ne mai ban sha'awa. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, amma yana mayar da wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani. Kyamarar Sentinel-2 tana ɗaukar haske kala 13, har da wannan ɓoyayyen. Sai a cire adadin jan daga adadin ɓoyayyen, a raba da jimlarsu. Abin da ya fito shi ake kira NDVI, ni kuwa a ƙauye ma'aunin kore nake ce masa. Yana tsakanin -1 da 1. Ruwan madatsa yana faɗawa ƙasa da sifili, fako da sabuwar huɗa suna ɗan sama da sifili, gonar da ta rufe ƙasa da ganye takan haura 0.6. Daren da na fara fitar da wannan ma'auni a kan yankin Dadin Kowa da hoton watan Maris, ko'ina ya bushe, sai layin noman rani kore shar yana bin ruwa, na daɗe ina kallo ban rufe kwamfutar ba.

Sai dai kore kore ne. Ma'aunin zai ce maka akwai ganye, ba zai ce na masara ne ko na dawa ba. Sai ka je gonar da kanka, ka tsaya a ciki, ka ɗauki lambar wurin da GPS, ka rubuta abin da idonka ya gani, sannan ka dawo ka ce wa kwamfuta wannan ɗigon dawa ce, wancan shinkafa. Da waɗannan misalan take koyo, ta yi hasashen sauran gonakin da ba ka je ba. A nan na fara gane maganar malamina.

Na sauka gidan Kawu a ƙarshen Yuni, shuka ta fito, ana noman farko. Da safe na ɗauki waya zan fita, ya tsayar da ni.

Ya ce, "Ɗana, kada ka shiga gonar kowa da wannan abin a hannunka sai Jauro ya sani. Nan ba birni ba ne."

Muka tafi tare wurin Jauro, wato mai garin. Na gaisa, na miƙa takardar da sashenmu ya ba ni, na yi bayani iya iyawata. Jauro ya saurara bai katse ni ba. Wani dattijo da ke zaune a gefensa ne ya yi tambayar da ke ran kowa: "Yaro, gaya mana gaskiya. Filoti za a yanka?"

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mutanen nan sun ga abin da ya faru da ƙauyukan da ke bakin gari. Yau wasu su zo da na'urar awo, gobe a ga an kafa alamar siminti, jibi gona ta zama fili. Kuma sun san tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, yawancinsu kuwa ba su da wata takarda sai gado da shaidar maƙwabta. Wanda ke cikin wannan hali dole ya tsargu idan ya ga baƙo na ɗaga waya a tsakiyar gonarsa. Na matsa kusa na buɗe fom ɗin da ke cikin wayar, na karanta masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya: me aka shuka, yaushe aka shuka, me aka shuka bara, an sa taki ko ba a sa ba. Babu wurin suna, babu wurin lambar waya, babu awon iyaka. Na ce, "Baba, ko ni ba zan iya cewa gonar wane ce ba idan na koma gida." Jauro ya ce a bar ni in yi aikina, ya haɗa ni da wani saurayi cikin 'ya'yansa ya riƙa raka ni. Duk ƙauyen da na shiga bayan nan haka na yi, kuma sau biyu aka ce mini a'a, na juya ban yi musu ba.

Aikin kansa ba shi da wata kwalliya. GPS na waya yakan yi kuskuren 'yan mitoci, ɗigon hoton kuma mita 10 ne, don haka ba a tsayawa a bakin gona. Sai ka ƙirga taku 30 ko fiye zuwa ciki, kana bin tsakanin kunyoyi don kada ka taka shuka, ka nisanci inuwar ɗorawa ko kaɗanya, ka jira lambar ta daina rawa, sannan ka ajiye ta. Ka ɗauki hoto gabas da yamma, kudu da arewa. Manhajar KoboToolbox da nake amfani da ita ba ta bukatar intanet, sai na dawo inda akwai sabis nake turawa. Idan an yi ruwa da daddare, baƙar lakar yankin nan takan cika tayar babur har ta ƙi juyawa, sai mu jingine shi a gindin bishiya mu ci gaba a ƙafa. Rana mai kyau mukan yi gona 15. Zuwa ƙarshen damina na tara gonaki 300 da 'yan kai.

Tun rana ta biyu fom ɗin nawa ya nuna gazawarsa. Na tsara shi ne yadda na gani a rubuce-rubucen ƙasashen da gona ɗaya shuka ɗaya ce: ka zaɓi masara, ko dawa, ko gero, ko wake. Sai ga ni a gonar da aka jera gero da dawa, mai gonar kuma yana ce mini zai sa wake a tsakani idan ruwa ya zauna. Ta gaba gyaɗa ce, an yi mata gicci da dawa, layi-layi nesa da juna. Wanne zan zaɓa? Da daddare na sake fom ɗin, na ƙara gurbin gauraye, da wurin rubuta wace shuka ce ta fi yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haɗa shuka a gona ɗaya dabara ce ta kakanni, idan fari ya kashe wannan wancan ya tsira, wake kuma yana gyara ƙasa. Duk taswirar da ta yi kamar babu shi, ba gonakinmu take nunawa ba.

Daga tsakiyar Yuli aka shiga marka. Lokacin da shuka ta fi girma, lokacin da na fi bukatar hoto, shi ne lokacin da gajimare ya rufe sama. Ina buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, fari fat kamar an shimfiɗa auduga. Inda gajimaren ya ɗan tsage kuma inuwarsa ta faɗa a kan gonaki ta ɓata lissafi. A makonni bakwai ko takwas, hotunan da suka yi amfani ba su wuce uku ba. Da su na haɗa taswirata ta farko a cikin Satumba, na sa wa kowace shuka launinta, na kai wa Kawu a waya. Na nuna masa hanya, na nuna masa rafi, har ya gane gonarsa.

Ya ce, "Wannan ruwan ɗorawar me ke nan?"

Na ce masara.

Ya ce, "Dawa ce a nan. Kai ma ka shiga cikinta." Ya matsar da yatsa gaba kaɗan. "Wannan fa?"

Na ce gyaɗa.

Ya girgiza kai. "Saura ce. Shekara biyu ba a noma ta ba. Tafasa ce ta rufe ta."

Jikina ya yi sanyi, domin wata uku ke nan ina wahala. Na fara yi masa bayanin cewa a Agusta masara da dawa duk dogaye ne, duk kore ne, hasken da suke mayarwa kusan ɗaya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To me ya sa kake kallonsu a lokacin da suka yi kama? Ka bari masara ta bushe. Nan da wata guda an karye ta, dawa kuwa tana nan kore har sanyi ya shigo. Gero ya riga kowa fita, idan an yanke shi wake ya samu iska ya bazu. Saura kuma ai tun ruwan farko take yin kore, lokacin da gona ke nan jajir an yi mata huɗa."

Wannan magana ita ce ta zama ƙashin bayan bincikena. Akwai ta a littattafan fannin, na ma taɓa karantawa, amma ban gane ta ba sai da na ji ta daga bakin wanda ya shekara arba'in yana kallon gonakin. Kuskurena shi ne ina tambayar hoto ɗaya abin da sai jerin hotuna ne za su iya amsawa. Na koma na jera duk hoton da ya samu daga Mayu har Disamba, na zana yadda ma'aunin kore ke hawa da sauka a kowace gona. Masara ta hau da sauri ta sauko a farkon Oktoba. Dawa ta hau a hankali ta daɗe a sama har cikin Nuwamba. Gonar gero da wake ta ba da tudu biyu, na farko na gero, sai ɗan kwari bayan girbi, sai na biyu na wake. Saura ta riga kowa tashi. Kowace shuka da irin tafiyarta a cikin shekara, kuma hotunan Oktoba da Nuwamba, da sama ta washe kafin hazon hunturu ya yi ƙarfi, su suka fi kowanne amfani.

Ramin da marka ta bari kuma na cike shi da wani tauraron, Sentinel-1, wanda ba kyamara yake amfani da ita ba. Radar ce, yana aiko da siginarsa ƙasa ya auna abin da ya dawo, gajimare bai tare shi, dare ma bai hana shi. Duk kwana 12 yake ba ni hoto. Hotonsa ba shi da kyan gani, tsaki-tsaki ne baƙi da fari, amma a kan shinkafa babu kamarsa. Fadamar da ruwa ya kwanta sumul tana kautar da siginar gefe, sai wurin ya fito baƙi. Da shinkafar ta tashi ta rufe ruwan, sai ya riƙa haske mako bayan mako. Wannan sauyi daga baƙi zuwa haske ba ya faruwa a gonar tudu.

Akwai wani ƙaramin abu da har yanzu nake jin daɗin tunawa. A hoton Fabrairu na ga ɗige-ɗige kore warwatse a kan tudu, nesa da kowane ruwa. Na ɗauka ko wasu ne ke ban-ruwa da rijiyar burtsatse. Da na je, bishiyoyin gawo ne. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani, saɓanin sauran itatuwa, shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. Daga kilomita ɗari bakwai da wani abu a sama, wannan halin nasa yana fitowa sarai.

Hanyar da kwamfutar ke yanke hukunci kamar zaman dattawa ce. Ana kafa alƙalai ɗaruruwa, kowanne a ba shi wani ɓangare na misalan da wani ɓangare na hotunan, ya koyi nasa. Idan aka kawo sabon ɗigo kowa ya faɗi ra'ayinsa, a ɗauki abin da masu rinjaye suka ce. Kafin a fara, ana ware kashi 30 cikin 100 na misalan a ɓoye, don a jarraba ta da abin da ba ta taɓa gani ba. Sakamakon jarrabawar farko ya yi kyau ƙwarai, na kai wa malamina cikin murna, lokacin an koma makaranta. Ya duba teburin ya daɗe, sannan ya tambaye ni yadda na raba misalan. Na ce ɗigo-ɗigo na raba.

Ya ce, "Wato gona ɗaya, rabin ɗigonta na cikin darasi, rabi na cikin jarrabawa. Ka nuna wa ɗalibi amsa, sannan ka yi masa tambaya. Je ka raba su gona-gona."

Da na yi haka makin ya sauko sosai. Na ji zafin abin, amma wannan na biyun shi ne gaskiya, shi na rubuta. Ina ganin wannan ne wuri mafi haɗari a fannin namu. Taswira mai launi tana da kwarjini, duk wanda ya gan ta sai ya yarda, kuma ba mai zuwa gona ya bincika. Idan mai binciken bai tsare kansa ba, babu mai tsare shi. Abin da na samu a ƙarshe shi ne shinkafa tana fita da kyau, masara da dawa sun rabu yadda ya kamata, saura ta daina shiga cikin amfanin gona. Gyaɗa da wake da waken suya kuwa sun ƙi rabuwa, dole na haɗe su aji ɗaya na faɗi dalili. Gonakin gauraye su ne suka fi ba da wahala, kuma su ne na masu ƙaramin ƙarfi. Wannan yana damuna har yau, domin ma'anarsa ita ce wanda ya fi bukatar a gan shi, shi na'urar ta fi kasa gani.

Kafin in kare kundin a gaban malamai, na buga taswirar a babbar takarda a cikin Gombe, na naɗe ta na koma wurin Jauro. Aka shimfiɗa ta a kan tabarma, aka danne kusurwoyin da takalma. Ba wanda ya nemi in nuna masa arewa. Da kogi da kwalta da maƙabarta suka gane wurin, cikin ɗan lokaci kowa na neman gonarsa. Sun gyara mini wurare huɗu ko biyar, na rubuta. Wani ya jawo ni gefe, yana da rikicin iyaka da ɗan'uwansa, yana so in duba masa a hoto. Na ce masa ɗigo ɗaya a nan ya fi ɗakin kwanansa girma, rikicin nasu kuwa na kunya biyu ne ko uku, wannan aikin dattawa ne da masu awon ƙasa. Haka na ce da aka tayar da maganar burtali. Hoton zai iya nuna cewa wurin da ba a nomawa a da yanzu ana nomawa, amma ba zai ce wa ke da gaskiya ba, kuma ba na so takardata ta zama abin da za a ɗaga a wurin faɗa.

Dattijon nan na ranar farko shi ya sake yin tambayar da ta fi nauyi. Ya ce, "To mun gani, ta yi kyau. Me za ta ƙara mana?"

Na gaya masa gaskiya, cewa ba za ta kawo masa buhun taki bana ba. Amfaninta yana wurin masu rabo da masu tsari: su san hekta nawa aka noma shinkafa kafin su ce ga takin da za a kawo, su san gonaki nawa ruwa ya ci idan an yi ambaliya ba sai an dogara da jerin sunayen da aka rubuta a ofis ba, su ga inda gari ke cin gona da inda kwari ke cin ƙasa tun abin bai yi nisa ba. Ya ce, "Idan sun duba." Na ce haka ne, Baba, idan sun duba. Na bar musu takardar, da bayanin launukan da na rubuta da Hausa a gefe.

Kare kundin bai ɗauki awa biyu ba. Tambayar da aka fi tsayawa a kai ita ce ta gonakin gauraye, na amsa da abin da na gani.

Ƙannena a sashen suna yawan tambayata ko fannin yana da gaba. Akwai wuraren da ake wannan aiki: hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, da cibiyarta ta nazarin hotunan tauraron ɗan'adam a Jos, cibiyar AFRIGIST a Ile-Ife, cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero ta Kano, cibiyoyin binciken noma irin su IITA da ICRISAT, a nan gida kuma ga hukumar GOGIS mai kula da bayanan filaye. Guraben ba su da yawa, kuma takardar digiri kaɗai ba ta isa. Ana so ka iya lissafin ƙididdiga, ka iya rubuta umarni da Python ko makamancinsa, ka iya aiki da manhajar haɗa taswira ta QGIS, wadda ita ma kyauta ce, ka kuma iya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta. Abin da nake ƙara musu shi ne kada su raina abin da suka taso da shi. Wanda ke zaune a Turai yana da hoton da nake da shi, da kwamfutar da ta fi tawa nesa ba kusa ba. Abin da ba shi da shi shi ne sanin gicci, da sanin tafasa, da harshen da zai zauna da Jauro a fahimci juna.

Yanzu mataki na gaba nake shiri, wato daga sanin me aka shuka zuwa sanin nawa za a samu. Wannan sai an auna amfanin da sikeli. Za a killace ɗan fili mai mita 5 tsawo, 5 faɗi a cikin gona, a yanke abin da ke ciki dabam, a shanya, a sussuke, a auna, sannan a gwada shi da abin da tauraron ya gani a wurin tun daga shuka. Manomi da dami da buhu yake lissafi, damin wannan kuma ba ɗaya yake da na wancan ba, don haka sai na auna da hannuna. Na sayi sikelin rataye da igiya da turaku. Kawu ya yarda ya bar mini kusurwa biyu a gonar dawarsa, ya kuma yi magana da maƙwabtansa shida. Jiya ya kira ni bayan isha'i, ya ce dawa ta nuna, iska ta fara kwantar da kara, kada in wuce ranar Asabar, don da an kwashe amfani za a saki shanu cikin gonaki.